Koya wa jariri ishara kafin bakinsa ya buɗe: wace hanya ta dace da gidanku?

Daga wajen wata takwas zuwa shekara ɗaya da rabi, yaro kan shiga wani zango mai wuya gare shi da mai rainonsa. Ya san abin da yake so, yana gane kalmomi da dama idan an faɗa masa, amma harshensa bai kai ga furta su ba. Sai kuka. A ba shi nono ya kawar da kai, a miƙa masa ruwa ya ture kofin, a goya shi ya banƙare, ashe takalmi ne ya matse masa ƙafa. A wannan zangon hannu ya riga baki ƙwarewa. Ɗan wata tara yana miƙa hannuwa a ɗauke shi, ɗan shekara guda yana ɗaga wa mai tafiya hannu, kafin ya cika wata 15 yana nuna abin da yake so da yatsa, alhali abin da bakinsa ya iya bai wuce "mama" da "baba" da 'yan kaɗan ba.

A kan wannan tazara aka gina koya wa jarirai ishara, kuma yanzu bidiyonsa ya cika wayoyinmu: jaririya a Amurka tana damƙe hannu tana buɗewa, uwar tana murna wai ta nemi nono. Iyaye da yawa sun tsaya suna wasi-wasi. A koya ko a bari? Idan za a koya, ta Turawa za a ɗauko ko a ƙirƙiro ta gida? Hanyoyin da ke gabanku biyar ne, kuma ba yaro iri ɗaya aka yi wa su ba.

Tambayar da ke gaba da komai

Shin yaron yana ji sosai? Amsar wannan ita ke raba hanya, domin abin da yake ƙarin sauƙi ga yaro mai ji, ga yaro kurma harshe ne sukutum. Kada kukansa ko 'yar muryar da yake yi a watannin farko ta ruɗe ku, jariri kurma ma yana yin su. Abin lura shi ne: yana firgita idan ƙofa ta bugu? Ya kai wata tara, yana juyowa idan an kira sunansa daga baya? Yana gwarancin "ba-ba-ba" da "da-da-da"? Idan da shakka, ko ya taɓa yin sanƙarau, ƙyanda, shawara mai tsanani bayan haihuwa, ko kunnensa yana yawan zubar da ruwa, a kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a auna. Gwajin jarirai na mintoci ne, babu zafi, har yana barci ana yi.

Ma'aunai

Da abubuwa huɗu za mu auna hanyoyin. Na farko kuɗi, har da data da kuɗin mota da lokacin uwa, domin lokacinta ba kyauta ba ne. Na biyu ɗorewa: abin zai yi wa yaron amfani na wata nawa, ko kuwa har girmansa? Na uku sauƙi, kuma a nan nake ganin yawancin masu tallar abin ba su san gidajenmu ba. Yaronmu ba a hannun mutum ɗaya yake yini ba. Yana wajen kaka, yana wajen yayarsa, yana wajen 'yar raino, maƙwabciya ta ɗauke shi da la'asar. Isharar da uwa kaɗai ta sani za ta mutu a bakin ƙofar ɗakinta. Ga kuma goyo: yaron da ke baya ba ya ganin hannun uwarsa, ita ma ba ta ganin nasa. Na huɗu haɗari, wato abin da za a iya asara idan aka bi hanyar.

Hanya ta ɗaya: a bar shi da isharar da yake yi da kansa

Ko ba a koya masa komai ba, yaron Bahaushe yana da ishara. Yana maƙale kafaɗa idan ya ƙi, yana buɗe hannuwa a yi oyoyo, yana shafa fuska idan manya sun shafa addu'a, yana jan zanin uwa ya kai ta bakin randa. Aikin babba a wannan hanya shi ne ya lura, ya amsa, ya sa wa abin suna: "Ruwa kake so? Ga ruwa." Ba a biyan ko sisi, kowa a gidan ya iya, kuma ita ce ginshiƙin sauran hanyoyin duka, don babu wadda ke aiki idan ba a yi wa yaro magana. Gazawarta ɗaya ce: nuni da yatsa yana aiki ne a kan abin da ke gaban ido. Yaro ba zai iya nuna ciwon ciki ba, ko barci, ko kakarsa da ta tafi unguwa.

Hanya ta biyu: isharar da gida ya ƙirƙira

Wannan ta samo tushe daga wasu malaman jami'a biyu a Kalifoniya, Linda Acredolo da Susan Goodwyn. A 1982 Acredolo ta lura 'yarta tana shinshina iska duk lokacin da ta ga fure, sai suka fahimci yara kan ƙirƙiri alamun abubuwa da kansu. Shawararsu ita ce iyaye su zaɓi motsi mai sauƙi mai kama da abin da ake nufi, su riƙa haɗa shi da kalmar.

A gidan Hausa kayan aikin suna nan a shirye. Tattara yatsun dama a kai baki, abinci ke nan. Dunƙule hannu kamar riƙon moɗa a kai baki, ruwa. Ɗora kunci a tafin hannu, barci. Kaɗe hannuwa a buɗe su, ya ƙare. Kaka ba ta bukatar darasi kafin ta gane waɗannan, kuma wannan shi ne babban ƙarfin hanyar.

Yadda ake yi ba shi da yawa. A fara daga wata shida zuwa takwas, lokacin da yaro ya soma zama kuma aka fara ba shi kunu da ruwa bayan nono zalla. A ɗauki alamu uku zuwa biyar kawai. A yi su a lokutan da ake fuskantar juna: shayarwa, wanka, cin abinci, canza famfas. Kullum a faɗi kalmar tare da motsin, ido cikin ido. Sai haƙuri, don yana iya ɗaukar makonni, wani ma wata biyu, kafin yaro ya mayar da ko ɗaya, kuma idan ya mayar ba za ta fito daidai ba. A karɓa a haka. Abu guda da nake roƙo a kiyaye: kada a riƙe wa yaro abinci ko ruwa wai sai ya yi alama. Wannan horo ne, yana mayar da lokacin cin abinci lokacin kuka.

Ɗorewarta gajeriya ce. Da zarar kalmar ta zauna a baki, yaro yakan yar da alamar, yawanci kafin yaye. Haɗarinta kaɗan ne, sai dai ruɗani idan uwa na yin wata alama uba na yin wata. A zauna a daidaita tun farko.

Hanya ta uku: alamun aro daga maganar hannu ta Amurka ko Ingila

Ita ce ake gani a bidiyo, a manhajojin waya da azuzuwan da ake biya. Wanda ya yaɗa ta shi ne Joseph Garcia, tafintan kurame a Amurka, wanda ya lura 'ya'yan abokansa kurame suna bayyana bukatunsu da hannu tun kafin sa'o'insu su fara magana. Ya ce maimakon ƙirƙira, a ɗauko alamun ASL, wato maganar hannu ta kuramen Amurka. A Ingila kuma ana ɗaukowa daga BSL, maganar hannu ta kuramen can, wadda harshe ne daban.

Amfaninta a fili yake. Alamun a tsare suke, ana iya dubawa a intanet, kuma idan yaro yana zuwa gidan rainon yara da ke amfani da su, gida da makaranta za su zo ɗaya. Wasu suna da sauƙi ƙwarai: nono shi ne damƙe hannu da buɗewa kamar tatsa, "ƙara" shi ne haɗa kan yatsun hannu biyu, wanda jarirai da yawa kan mayar tafi. Wasu kuwa ba su dace da mu ba. Alamar ruwa yatsu uku ce a haɓa, siffar harafin farko na kalmar a Turanci, ga wuya a yatsun jariri, ga rashin ma'ana ga wanda ba da Turanci yake kiran ruwa ba. Alamar "na gama" kuma buɗe yatsun hannu biyu ce a juya tafin waje. Duk wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ya san abin da yatsu biyar a buɗe suke nufi idan aka watsa su ga mutum, ba kuwa za ku so a ce ɗanku ya yi wa kakansa daƙuwa bayan ya gama shan kunu ba. Idan kun zaɓi wannan hanya, ku tace.

A nan ne kuɗi ke shigowa, a nan ne kuma alkawura suka yi yawa, don haka ya kamata a tsaya a kan abin da bincike ya nuna. A 2000 Goodwyn da Acredolo da abokiyar aikinsu suka wallafa nazari a kan jarirai 103 da aka fara bi suna da wata 11, suka ce waɗanda aka koya wa ishara sun ɗan yi gaba a magana. Daga wajensu kuma aka sami maganar ƙarin maki 12 a gwajin basira ga yaran da aka koya wa ishara, wadda masu talla ke maimaitawa har yau, ita kuwa a taron masana kawai aka gabatar da ita. A 2005 wasu masana a Kanada suka tattara nazari 17 a kan batun, suka ce yadda aka tsara yawancinsu bai isa ya tabbatar da wata fa'ida ba. Sai a 2013 Elizabeth Kirk da abokan aikinta a Jami'ar Hertfordshire ta Ingila suka yi abin da ya fi kama da tambayarmu. Suka raba jarirai 40 gida huɗu ta hanyar ƙuri'a: masu alamun BSL, masu alamun ƙirƙira, waɗanda aka ƙarfafa yi musu magana kawai, da waɗanda aka bari yadda suke. Aka bi su daga wata takwas zuwa wata 20. Yaran sun koyi alamun, amma a bunƙasar harshe babu rukunin da ya tsere wa wani. Abin da ya sauya iyayen ne: masu yin ishara sun fi lura da motsin 'ya'yansu. Yara 40 ba su da yawa, amma sakamakon ya dace da abin da sauran bayanai ke nunawa. Ishara ba ta jinkirta magana, wannan tsoron da surukai kan yi ba shi da hujja. Ba a kuma tabbatar tana sa yaro mai ji ya fi sa'o'insa baki ko basira ba.

Batun bidiyo yana da fuska biyu. Wani nazari na 2015 a Jami'ar Emory ta Amurka ya nuna yara 'yan wata 15 suna iya ɗaukar alamu daga bidiyo, ko da yake an ga alamar sun fi riƙewa idan babba na tare da su. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 2019 ba ta yarda a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allo ba. Mafita mai sauƙi ce: uwa ko uba su kalla su koya, yaro ya koya daga fuskarsu. Sauran haɗarin shi ne damuwa. Uwa ta ga ɗan wata mata a bidiyo yana alamu 30, nata bai yi ko ɗaya ba, hankalinta ya tashi a kan abin da ba ciwo ba.

Hanya ta huɗu: cikakkiyar maganar hannu daga kurame

Alamu goma na aro ba harshe ba ne. Maganar hannu ta gaske tana da nahawunta, fuska da gira da jiki duk suna ɗauke da ma'ana, ana ba da labari da ita, ana musu, ana barkwanci, ana wa'azi. A 1991 Laura-Ann Petitto a Jami'ar McGill ta Kanada ta nuna jariran da suka tashi cikinta suna gwaranci da hannu yadda sauran jarirai ke yi da baki. Ƙwaƙwalwar yaro harshe take nema, ta kunne ya shigo ko ta ido.

Ga yaro kurma wannan hanya wajibi ce, kuma gaggawa ce. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, waɗanda ba su taɓa tunanin za su bukaci maganar hannu ba. Abin da ke faruwa a gidaje da yawa yana da ban tausayi: ana jira, ana cewa nauyin baki ne, babansa ma bai yi magana da wuri ba, ana yawon neman magani, har yaro ya kai shekara biyar ko shida ba shi da harshe ko ɗaya, sai nuni da jan riga. Shekarun farko su ne lokacin da harshe ke kafuwa, abin da ya wuce a cikinsu da wuya a cike shi duka. Shi ya sa likitocin Amurka suka kafa ƙa'idar a gwada jin jariri kafin wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Na'urar ƙara ji ko dashen na'ura a kunne, wanda kuɗinsa miliyoyin naira ne, ba su hana a koya masa maganar hannu ba. Yayin da ake neman kuɗi ana bin layin asibiti, yaron yana girma, yana bukatar harshe yau.

Mu a nan muna da harsuna biyu a gabanmu. Akwai maganar hannu ta ƙasar Hausa, wadda kuramenmu suka gada tun kaka da kakanni, wadda Constanze Schmaling, masaniyar harshe daga Jamus, ta yi nazarinta a Kano a shekarun 1990 ta wallafa a 2000. Alamunta daga rayuwarmu suka fito, shi ya sa masu ji da yawa a kasuwa da tasha suke iya ɗan taɓawa. Akwai kuma ta makaranta, wadda tushenta ASL ne. Andrew Foster, baƙar fatar Amurka kuma kurma, shi ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya buɗe a Ibadan a 1960, ya ci gaba har ya kafa sama da 30 a Afirka. Ta dalilin wannan aiki ne abin da ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya, Gana, Nijar, Cadi da Kamaru yake da dangantaka da ta Amurka. Shawarata ita ce a fara da wadda kuramen garinku suke yi, domin su ne za su zama malamansa da abokan hirarsa, ta makaranta ta biyo baya. Yaro yana ɗaukar biyu kamar yadda yake ɗaukar Hausa da Fulatanci.

Kuɗinta a aljihu ba lallai ya yi yawa ba, amma tana cin lokaci: watanni kafin a fara hira, shekaru kafin a ƙware, kuma dole gida duka ya shiga. Makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano da rassan ƙungiyar kurame a jihohi wurare ne da za a tambaya, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa kuma don gwaji. Ɗorewarta har tsufa. Ga yaro mai ji wanda ke da uba, yaya ko kaka kurma, ita ce za ta haɗa shi da jininsa.

Hanya ta biyar: ishara tare da ƙwararre

Wasu yara suna ji amma magana na yi musu nauyi sosai, kamar masu lalurar Down ko otizim, lalurorin da ke shafar koyo da hulɗar yaro. Don irinsu aka yi tsare-tsare kamar Makaton, wanda Margaret Walker da abokan aikinta suka fara a Ingila a shekarun 1970: ana magana yadda aka saba, ana yi wa muhimman kalmomin jimla alama, wani lokaci da hotuna. Tana iya yi wa yaro amfani shekaru. Matsalarta a wajenmu ƙarancin masu gyaran magana, waɗanda galibi sai a manyan asibitoci, ga kuɗin zama da na zirga-zirga.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi a gida mai jama'a | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Isharar yaro ta kansa | Babu | Tana rikiɗa ta zama magana | Kowa ya iya | A ƙi lura da matsalar ji |
| Isharar gida | Babu | Watanni, zuwa kafin yaye | Mai sauƙi | Ruɗani idan ba a daidaita ba |
| Alamun aro | Data, manhaja ko kuɗin aji | Watanni | Sai an koya wa kowa | Allo, damuwa, alamar da ta saɓa al'ada |
| Cikakkiyar maganar hannu | Lokaci mai yawa, kuɗin mota | Har tsufa | Mai wuya da farko | A fara a watsar |
| Ishara da ƙwararre | Mafi tsada | Shekaru | Sai da jagora | Nisa, katsewar zuwa |

Wa ya ɗauki wace?

Idan yaronku yana ji, yana nuni, yana gwaranci, gidan kuma babu yawan rigima a kan me yake so, hanya ta ɗaya ta wadatar. Ba ku tauye shi da komai ba.

Idan yana ji amma kukan rashin fahimta ya yi yawa, ko yana yini a hannun kaka ko 'yar raino, ku ɗauki ta biyu: abinci, ruwa, barci, ciwo, ya ƙare. Ita na fi so ga yawancin gidajenmu, musamman inda ake harshe biyu, don alama ɗaya tana iya tsayawa tsakanin kalmar uwa da ta uba.

Idan kuna zaune a Amurka ko Ingila, ko gidan rainon da yake zuwa yana amfani da alamun ASL ko BSL, ta uku tana da ma'ana. Ku koya a kyauta tukuna, ku tace abin da bai dace ba, ajin kuɗi kuma ku je don haɗuwa da sauran iyaye idan kuna da hali.

Idan an tabbatar ba ya ji, ko ana zargi ana jiran gwaji, ko akwai kurma a gidan, ta huɗu ce, daga wannan makon, uba da uwa da yayye gaba ɗaya.

Idan ya kai wata 12 ba ya nuni ko ɗaga hannu, ya kai wata 18 babu kalma, ya kai shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko ya daina abin da ya riga ya iya, ku ci gaba da isharar gida amma ku kai shi ga likitan yara a duba ji da girmansa, daga nan a ga ko ta biyar ce ta dace da shi.